Hannun Ilu

A teburin Mati mai shayi, bakin tashar Guri,
rediyo na tafasa fiye da buta.
Wani a majalisa ya ce yaƙi ba wasan langa ba ne.
Wani ya ce a kafa kwamiti.

Kansila Barau ya bugi benci:
“In ba a matsa gyaɗa ba, ina mai?”
Malam Tanimu na firamare ya zare tabarau:
“Wanda aka rataye ta ƙafa,
ko cewa aka yi shi ya haifi uwarsa, zai sa hannu.”
Aka yi dariya. Aka ce ɗan adawa ne.

Ni ƙarshen benci nake kallo.
Ilu. Su ya tafi tafki,
aka kwashe su da kwandon banda a ka.
Bara ya dawo, da takarda mai hatimi:
ba a same shi da laifi ba.

Yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa.
Da tafi biyu yake tallabe kofi
kamar mai ɗauke da ɗan tsako.
Komarsa na rataye, gara na ci.
In janareta ya tashi, sai ya nemi bango.

Barau ya juyo: “Kai da ka je, faɗa musu,
tsaro sai da zafi, ko?”

Ilu ya daɗe yana hura shayi.
“Sunaye suka nema. Na ba su.
Duk wanda na tuna.
Har da naka, Kansila.”

Mati ya rage muryar rediyo.
Ƙuda ɗaya na zagaya gwangwanin madara.