Mai Gyaran Rediyo a Mora

Ranar da aka buga gangar yaƙi
rediyo bakwai ne a kan teburina,
uku ba batir, ɗaya ta sha ruwan sama.
Wadda ta yi magana ta Falta ce mai ƙosai,
eriyarta ɗaure da zaren buhu.
Murya ta taso tun daga Yawunde
ta ce: na yanke.
Ba ta ce mun yanke ba.
Ina jin ni kaɗai na lura,
don ni da kunne nake cin abinci.

Kasuwa ta kaure da guɗa.
Ni ma na yi tafi, kada in yi maka ƙarya,
da sukundireba a hannu na yi shi.
Mun gaji da kwana a kan duwatsun Mandara,
mun gaji da haƙa rami kafin karin kumallo.
Da motocin soja suka miƙi hanyar Kolofata
mata suka yi ta cilla musu goro,
Falta ta juye kaskonta kaf a hular wani yaro,
ko dala ba ta karɓa ba.
Ƙanena Shatima ya bi su kafin damina,
ya bar mini keke da bashin mai shayi.

Wata uku aka ce.
Dawa ta nuna, aka girbe, aka sake shuka,
aka sake girbe.
Aka hana babur, aka rufe kan iyaka,
albasa ta ruɓe a buhu tana jiran izini.
A shingen jandarma na fara sanin
farashin komawa gidana.

Wani dare ana karanta zaman majalisa,
na ji depitenmu, Alhaji Gonimi, ya miƙe:
nawa aka kashe, kuɗi da mutane?
Kuma sai yaushe...
Ƙit.
Na ɗauka waya ce ta tsinke.
Na kwance rediyon har hanjinta,
na hure ƙura, na ɗiga darma,
na duba ko kyankyaso ya yi ƙwai a ciki.
Lafiyarta ƙalau.
Ciwon yana can inda hannuna ba ya kai.

Da ya zo hutu ya kawo ta motarsa gyara.
Na ce, ranka ya daɗe, an shawarce ku kuwa?
Ya cire hula ya share gumi.
Ya ce, Ɗanlami, takarda ta iske mu bayan an tafi,
kamar a kai maka goron suna
yaro yana rarrafe.
An ce mu ɗaga hannu a kan kuɗin mai da harsashi,
wanda ya ƙi, wai ya bar 'ya'yanmu ba takalmi a daji.
To, wa zai ƙi?
Na ɗaga.

Ban karɓi kuɗinsa ba, ban kuma raka shi ba.

Shatima ya dawo bara da kunne ɗaya.
Yana zama a benci yana tsince mini kusoshi,
in tasha ta yi shuu sai ya fita waje.
Yaron da ya ci ƙosan Falta
ba wanda ya san sunansa balle labarinsa.
Yanzu in motocin sun wuce
mai goro rufe faifansa yake yi.

Kada ka ce mun manta masu zuwa da dare.
Har yau da takalmi nake kwana.
Ban san ko a tsaya ba, ban san ko a ci gaba ba.
Amma ko akuyar gado za a sayar
sai an tara 'yan gida a zaure.

Jiya Falta ta dawo da rediyonta.
Ba abin da ya same ta.
Ta ce in ɗaure mata allurar a tashar ƙwallo,
in sa darma,
yadda ko jikokinta ba za su iya juya ta ba.