Jabu Mai Gaskiya

Ranar wata Asabar agogona ya tsaya,
ƙarfe huɗu saura kwata, ina kan babur a Kwangila.
Kuɗin adashen wata uku na zuba a kansa,
hannun wani yaro da ya rantse da kabarin kakansa
cewa daga ƙasar Turawa ya zo, a cikin akwatinsa.

Aka ce in nufi Sabon Gari, bayan 'yan kwanuka,
in tambayi rumfar Malam Tanimu.
Ɗan tebur ne mai tsagaggen gilashi,
benci biyu, mutum huɗu, butar shayi bisa gawayi.
Ya maƙala madubin nan a idon dama,
ya ɓalle bayan agogon kamar mai ɓare gyaɗa,
ya daɗe bai ce komai ba.

"Jabu ne," in ji shi.
Na so ƙasa ta tsage in shige.
"Amma wanda ya ƙera shi ba rago ba ne.
Ku matso ku ga aiki."

Kawuna suka haɗu a kan abin kunyata
kamar an kawo jariri ranar suna.
Baba Ishaya na Wusasa, tsohon ma'aikacin jinya,
ya naɗe hannun riga, ya nuna mini nasa:
"Ɗan'uwan naka ne. Shekara tara
da shi nake ƙirga bugun zuciyar majinyata,
babu wanda ya tambaye shi takardar haihuwa."
Okwudili mai kayan babur ya gyara mini wuri,
ya ce da Hausarsa ta Sabon Gari,
"Zauna, malam, duk an taɓa cin kuɗinmu."

Ban san ana kallon agogo ba, dubawa kawai na sani.
Su suka koya mini:
akwai hannun daƙiƙa mai tsalle kamar fara,
akwai mai tafiya sululu kamar ruwan Kubanni da rani.
Lurwanu, ɗalibi a Kongo, yana da littafi guda
da yake rubuta aibin kowane:
wannan lambar shidarsa ta ɗan karkace,
wancan tagar kwanan watansa ta yi ƙanƙanta,
wani in an ɗauke wuta yakan yi haske har asuba,
wani kafin ka gama addu'ar barci ya mutu.
Suna faɗin aibin da murmushi,
yadda uwa ke faɗin ƙiriniyar ɗanta.

Doka ɗaya ce a rumfar, ba a rubuta ta ba:
kama da wane ba wane ba ne,
ka kira abu da sunansa.
Wanda ya sayar da jabu da sunan asali
ya sha shayinsa na ƙarshe a nan.

Na yi tambayoyin da yaro zai ji nauyin yi,
babu wanda ya yi tsaki.
Malam Tanimu ya ba ni madubin na saka,
na ga ƙafafun ƙarfe ƙanana kamar ƙwayar gero,
kowace tana tura 'yar'uwarta,
wata 'yar waya tana numfashi a tsakiya.
Wani a wata ƙasa, wanda ba zan taɓa sani ba,
ya sunkuya a kan wannan, bai sa sunansa ba.

Da rana ta yi ja muka gwada lokaci.
Agogo shida, magana shida,
gardama ta kaure a kan minti biyu
har ladanin masallacin kasuwa ya raba mu.
Baba Ishaya ya tsare mana shayi.

Yanzu Asabar ba ta same ni a gida.
Jiya shugaban makarantarmu ya kama hannuna,
ya ce, "Malam Garzali, wannan na asali ne?"
Na ce, "Jabu ne, ranka ya daɗe.
Amma tambaye ni ƙarfe nawa."