An Ce Tana Tafe

Seidu ne ya kawo ta Suwame a aljihu,
ranar Talata, ina kwance ƙarƙashin toro-toro
da sipana sha bakwai a baki.
Ya ce, Masta, fito ka sha kallo.
Na fito. Hoto ne a waya mai tsagaggen gilashi:
mota an lulluɓe ta da zanen baƙi da fari
kamar ana tsoron maye ya gan ta.
Ƙofa biyu. Dogon hanci, gajeren ƙugu.
Ya ce tayoyin baya ne ke tura ta,
kuma wai talaka ma zai iya taya ta.

Wa ya ce?
An ce.

Kafin la'asar An Ce ya zagaye Magazin.
A rumfar Kwaku mai fenti, ƙarfin doki ɗari biyu gare ta,
wurin mai walda ta ƙaro hamsin,
da ta isa teburin shayin Gariba
har ta iya shan kwanar Sofolayin a karkace,
gindi na sharar titi, roba na ƙauri,
ba ta taɓa kowa ba.
Kuɗinta kuwa, kowane baki da nasa,
na safe ya fi na yamma sauƙi,
don sidi ba ya kwana inda ya yini.

Ni dai na ce gani ya kori ji,
na koma ƙarƙashin motar mutane.
Amma tafin hannuna ya tuna.
Shekara talatin da ɗaya ke nan
da Baba Mumuni ya ɗora ni kan tsohuwar Fijo
a jar lakar hanyar Ofinso, bayan ruwa ya ɗauke,
ya ce, yaro, wannan daga baya take tunani.
In ta murguɗa maka ƙugu kada ka taka birki,
bi ta da sitiyari, ka lallashe ta.
Masu ja da gaban nan da suka cika gari,
na gyara su, na ci tuwo da su,
ba wadda ta taɓa bi na gida cikin barci.

Na sami gwangwanin madara na huda murfinsa.
Adiza ta tsince shi bayan buhun gawayi,
ta girgiza shi kusa da kunne, ta ce na mene ne?
Na faɗa mata. Ta yi dariya har ta zauna.
Ƙofa biyu? Yara huɗu fa, a but za ka jera su?
Kulolin shinkafa da waken da nake kaiwa Asawase,
a cinyarka za su zauna?
Wa ya gaya maka araha tana ado?
Ranar da ta sauka Tema, kwastan za su aske ta,
su haɗa da kai, ba ko sabulu.
Ban amsa ba. Ta mai da gwangwanin wurinsa.
Da safe na ɗaga shi, na ji ya ƙara nauyi kaɗan.

Wata uku. An ce sai baɗi.
An ce kamfanin ya musanta,
an ce musun ma dabarar kasuwa ce.
An ce da batir za ta zo, shiru kamar ɓarawo.
Seidu ya ja tsaki ya goge hoton,
ya koma gardamar ƙwallo.

Ni ban goge komai ba, ba a waya na ajiye ta ba.
Yau da magariba, yara sun watse,
wata toro-toro na kan jak, gindinta a sama.
Na shiga, na kama farfela na murza da hannu,
tayoyin baya suka juya a iska, a hankali,
ba ƙura, ba ƙara, ba inda za su.
Na ƙara murzawa.
Ladan ya kira, na ce ga ni nan zuwa,
ban tashi ba sai da suka tsaya.