Rariya a Kunne

Ran Asabar na baro Agege tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
danfo biyu, acaɓa ɗaya, gumi har cikin takalmi,
kuɗin adashen wata biyar a ƙulle cikin safa.
Na sauka Alaba, inda kowace rumfa ke ihu
kamar ita kaɗai Allah ya tsaga wa baki.

Okwudili ne mai shagon, Hausarsa ta Jos ce.
Ya ce, "Malam, duma kake so ko gaskiya?"
Na ce, me ya raba su?
Ya ɗora min wani ja mai ƙyalli,
ganga ta dake ni har dasashi.
Ya cire, ya ɗora wani baƙi, mara kwalliya.
"Wannan na masu ɗaukar murya ne.
Ba ya ƙara wa miya gishiri.
In mawaƙi ya haɗiyi yawu, sai ka ji."

Sai aka zo kan murfi.
Na sa rufaffe, Legas ta mutu murus,
babu janareta, babu kwandasta mai kiran Iyana-Iba,
daga ni sai bugun zuciyata,
kamar wanda aka zura rijiya.
Na sa buɗaɗɗe, mai baya kamar rariya,
sauti ya samu fili ya miƙe ƙafa,
amma kasuwa na biyo shi ta kowace huda.

Na daɗe ina juya su a hannu.
Na tuna ɗakinmu ciki ɗaya a bakin layin dogo,
da injin maƙwabci mai tarin da ba ya jin magani.
Na tuna kuma Uwani, wata bakwai,
kukanta bai fi na ɗan mage ba,
uwarta tana aikin dare a asibiti.
In na toshe duniya, wa zai ji ta?
Na ɗauki rariya.

Wajen waya aka so a yi min aski ba ruwa.
Yaron shago ya fito da wata kwance kan karammiski,
baki ruwan zinare, kauri kamar igiyar guga,
kuɗinta rabin buhun shinkafa.
Maigidansa ya harare shi, ya juyo:
"Daga tebur zuwa kujerarka taku nawa?"
Na ce uku.
"Ɗauki mita biyu. Jan ƙarfe jan ƙarfe ne.
Wuyanta za ka duba, nan take karyewa.
Iskar teku na cin bakin, ka riƙa gogewa."
Ya ƙara min ɗan mahaɗi, ƙaramin baki zuwa babba,
ya ce gyara ce.

Sai goma saura aka kawo wuta.
Na ciro kaset ɗin daga gwangwanin alawa,
saƙon da Baba ya aiko min a hannun direban goro
shekarar da na zo garin nan.
Na haddace shi kamar karatun allo:
gaisuwa, labarin damina, ka riƙe amana.
Shekara ashirin da huɗu ina jin sa a rediyo mai lasifika ɗaya.

Na danna.
Ga shuuu na tsohon zare, ba a ɓoye min ba.
Ga Baba, yana gyaran murya.
Amma a bayansa, ta kunnen hagu,
ashe akwai tsakar gida:
taɓarya ta sauka sau biyu ta tsaya,
kaza ta gifta,
sai wata murya can ƙasa-ƙasa, kusa da ƙofa:
"Ka ce masa ya riƙa cin abinci."

Inna.
Ita da muka ce ta tafi ba ta bar ko hoto ba.

Na mayar baya. Na sake mayarwa.
A karo na huɗu Uwani ta motsa a kan katifa,
kukanta ya shigo ta hudar rariya
ya tarar da kakarta tana magana.

Na miƙe, wayar ta kai ni taku uku,
na huɗun na yi shi da hannu.