Minti Goma Sha Huɗu

A ofishinmu na Crawley, hawa na uku,
taga tana kallon wutsiyoyin jiragen Gatwick.
Aikina ƙirga latti.
Ba na tuƙi, ba na ɗaukar kaya,
minti nake tsinta kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Ƙa'idar ba ta da wuya:
jirgin da makararsa ba ta kai minti sha biyar ba
ya zo kan lokaci. Kore ke nan a jadawali.
Sha biyar cif, ja.

Ƙarshen wata Morwenna takan jera kamfanoni
kamar sakamakon jarrabawar 'yan firamare.
Na farko ya kai nasa allon talla,
na kashin baya ya ce laifin hazo ne.
Akwai masu wayo:
tafiyar awa ɗaya su rubuta awa da kwata,
su sauka suna taƙama sun riga agogo.
Mai awo da mudun da ya sassaƙa
ba ya taɓa yin gibi.

Wata Laraba ina Belfast, Rakiya ta kira,
naƙuda ta zo ba sallama.
Jirgin yamma ya tsaya ƙofa buɗe
ana cigiyar wani mai jaka.
Na ƙirga, ai sana'ata ce.
Muka sauka da sha huɗu.
Jirgin ƙasan Redhill ya ja ina kan matakala,
ina ganin jar fitilar bayansa.

Na iske yarinya an riga an naɗe ta a tawul.
Wata ungozoma 'yar Jamaika ce ta riƙe hannun uwar.
Kiran sallar kunnenta
ƙanina Tanimu ya yi, ta waya, daga Gusau,
murya tana yankewa.

Litinin na koma aiki.
Lambar jirgin tana layi na ɗari biyu da shida.
Na daɗe ina dubanta, shayina ya huce.
Na danna kore.
Ban yi ƙarya ba.

Yanzu shekarunta uku.
In na makara ɗauko ta daga makarantar raino
nakan same ta bakin ƙofa,
rigar sanyi a karkace, maɓalli ɗaya a ramin ɗan'uwansa.
Ba ta san agogo ba tukuna,
ba ta san ana yafe sha huɗu ba.
Takan ce: Baba, kowa ya tafi.