Ɗakin da Ƙwayar Ido Ke Kwana

Shekara talatin ina fasa kan rago
a kasuwar Yelwa, nan Garwa,
ban taɓa zaton za a nuna mini nawa ba.

Da yana ta rufe mini na hagu,
likita Hapsatu ta ɗauko ƙoƙon kai na roba,
ta zura yatsa cikin ramin:
"Ƙashi bakwai suka haɗu suka gina gurbin nan,
baki da faɗi, gindi a tsuke, kamar mazurari."

Na ce, ai na san ɗakin.
Na san kitsen da ke shimfiɗe a ƙurya,
wanda masu saye ke rigima a kai.
Nan ƙwayar ke kishingiɗa.

Ta ce tsoka shida ke jan ragamarta,
huɗu a miƙe, biyu a karkace.
Jijiya guda kuma ta bi ta wata kafa
tana kai wa ƙwaƙwalwa labari.
Ita nake tsinkewa da bakin wuƙa,
ban san 'yar aike ba ce.

Hawaye daga ƙarƙashin gira suke tsatsowa,
su bi ƙaramar kwata su faɗa hanci.
Ashe shi ya sa ranar da muka binne Inna
na wuni ina jan majina.

Jibi za a yi aikin.
Ɗazu na ɗauki kai guda, na juya shi,
ya dube ni, na dube shi da ɗayan.
Na miƙa wa yarona Bakari gatari,
na ce, fasa wannan, ni zan je alwala.