Kafin Ka Danna, Marwana

Marwana, zauna, aje jakar nan ƙasa.
Kyamarar ta hannu ce, na gani,
igiyarta ta sha gumin wani wuya kafin naka.
Ba laifi. Tsohuwar randa ta fi sanyin ruwa.

Ranar Sakkwato ba ta san wasa ba.
In ta tsaya tsaka, sai ta haƙa wa kowa
rami biyu baƙaƙe a gurbin ido.
Kar ka ɗauki fuska a wannan sa'a.
Jira la'asar sakaliya,
ko ka yi sammako ka tari masunta a gadar Kwalkwalawa,
lokacin da haske ke zuwa a kwance, da ladabi,
kamar baƙon da ya san darajar sallama.

Ƙofar hasken da ke cikin gilashin nan
lissafinta a juye yake.
Lamba ƙarama, ƙofa wangame:
mutum ya fito tas, bayansa ya narke.
Lamba babba, ƙofa ta tsuke:
ka ga marini, ka ga karofi,
ka ga katanga har da ƙadangaren da ke gyaɗa kai a kanta.

Sai ƙiftawa.
In yaro ne ke garin taya a Mabera,
ba shi ɗaya bisa dubu, ka kama shi ƙafa biyu a sama.
In ta gaza ɗaya bisa sittin,
hannunka ne zai ci amanarka.
Manna gwiwar hannu ga haƙarƙari, haɗiye numfashi,
ko ka jingina da gindin dogonyaro,
shi dai bai taɓa karkarwa ba.

Lambar jin haske, bar ta ɗari da rana.
Bayan magariba, wajen mai tsire a Gawon Nama,
ɗaga ta, amma da kaɗan-kaɗan,
don in ka zarce, hoto ya cika tsaki
kamar garin da ba a tankaɗe ba.
Farar riga kuma ita ce shaidarka:
in ta koma ruwan ɗorawa,
kyamara ta yi ƙarya, gyara mata farinta.

Yanzu zancen manhaja.
Yanke gefe, miƙe sararin da ya karkace,
ɗan tada inuwa, ɗan kwantar da ƙyalli.
Launi gishiri ne, da yatsa uku ake ɗiba.

Bara waccan na ɗauki Gwaggo Tumba mai albasa,
tana dariya tsakanin buhuna.
Da dare na zauna gaban kwamfuta,
na ja sandar laushin fata har ƙarshenta.
Tamoji suka tafi. Na ji daɗi.
Tsagen Gobir da ya taso daga bakinta zuwa kunne,
shi ma ya bi su.

Na wanke, na kai mata a ambulan.
Ta goge hannu a zane, ta karɓa,
ta duba, ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Yarinyar ga kyakkyawa ta.
Ɗiyar wa ce?
Ni dai ran suna uwata ta riƙe ni,
wanzami ya rubuta min garinmu a kunci.
Ina ka kai shi?"

Na ruga gida neman na asali.
Ashe a kansa na adana gyaran.
Da na koma ran kasuwa, wata ce a rumfar,
an ce Gwaggo ta koma Sabon Birni wajen jikoki.
Albasa uku da ta ba ni ladan wahala
sun tsira a kan tagata, ban iya yanka su ba.

Don haka, kwafi ake gyarawa.
Na asali, ɓoye shi kamar takardar gona,
wuri biyu, in da hali uku.

To, tashi, rana ta karkata.
Cire murfin gilashin nan, Marwana,
tun ɗazu kake saitina da shi a rufe.